Gidan da Yara Suka Tsallake

Tun da aka binne Bernadine a watan Maris, ƙararrawar ƙofar mijinta Orval Lindqvist ba ta yi ƙara sau goma ba. A makon farko dai maƙwabta sun yi ta sallama da kwanukan abinci har firji ya ƙi rufuwa. Daga nan kowa ya karɓi kwanonsa ya koma harkar gabansa, aka bar tsoho da gida mai ɗaki huɗu. Kaɗaici ya ci shi ba kaɗan ba. Wani lokaci yakan kunna rediyo a kicin, ba don yana son labarai ba, don dai a sami mai magana a gidan.

To amma laifin wa? Shekara talatin da takwas ya yi yana jan tirela daga garin Duluth zuwa duk inda aka tura shi, sai ya yi mako biyu bai kwana a gadonsa ba. Layin nan na Bernadine ne. Ita ta san sunan kowane yaro da na karensa, ita ta san wanda gyaɗa ke kumbura wa fuska. Shi kuwa a bakin mutane "mijin Bernadine" ne kawai, dogon nan mai ɗaure fuska. Duk ranar Halowin, bikin ƙarshen Oktoba da ake shigar dodanni ana bin gidaje roƙon alawa, yara har daga wasu layuka suke zuwa ƙofarta, saboda cakulan manya take rabawa, ba 'yan mitsi-mitsin nan ba. Ko bayan ya ajiye tuƙi, Orval bai taɓa tsayawa ya gani ba. Ɗakin ƙasa yake sauka ya rufo ƙofa, yana mita wai ƙararrawa ta hana shi kallon wasa.

Bana kuwa ƙararrawar nan yake jira, yana ƙirga kwanaki tun farkon wata.

'Yarsa Paulette ta kira shi daga jihar Arizona ranar Lahadi, ta sake ɗauko maganar da ta saba.

"Baba, ka sayar da gidan nan ka dawo wurinmu. Wa kake da shi a can? Tsakani da Allah, wa?"

"Ke dai kin cika surutu. Ina da mutane."

"Su wa? Faɗa mini sunan mutum ɗaya da ya shigo gidan a watan nan."

"Ki kira ni ranar Juma'a da safe, in gaya miki yara nawa suka zo ƙofata. Sai bakinki ya mutu."

"Kai ne za ka raba alawa? Kai Baba? Ikon Allah!"

Ya kashe wayar yana huci, amma maganar ta zauna masa a ƙirji. Idan har ranar da ake buga kowace ƙofa ba a buga tasa ba, to yarinyar nan ta yi gaskiya, ba shi da kowa a garin.

Ya tashi haiƙan. Ya tuƙa har gonar da Bernadine ke zuwa ya zaɓo kabewa uku manya. Ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a teburin kicin, ya fafe kawunansu, ya kwashe 'ya'yan da hannu yana yamutsa fuska, sannan ya shiga sassaƙa musu ido da hanci da baki da wuƙa. Ashe aikin ba wasa ba ne. Ta farko idonta ɗaya ya fi ɗaya girma, ta biyu wuƙa ta zarce ta haɗe mata hanci da baki, ta kuma yanke shi a babban yatsa. Ta ukun ce ta yi kyau, har ya tsaya yana kallonta yana murmushi shi kaɗai. Ya jera su a matakalar baranda. Kafin gari ya waye kurege ya cinye wa mai kyan rabin haɓa. Orval ya fito da gajeren wando cikin sanyin nan yana zagin kurege kamar mutum.

Ya sauko da kwalin kayan Halowin na Bernadine daga saman silin. Akwai audugar da ake yin saƙar gizo-gizo da ita, da ƙwarangwal na roba mai hannu ɗaya, da fararen zannuwa biyu na fatalwa. A can ƙasa ya tarar da hularta ta mayu, baƙa mai tsini, da gashinta fari guda biyu manne a ciki. Ya daɗe zaune a ƙasa da hular a cinyarsa. Ranar bai ƙara taɓa komai ba sai washegari.

Ranar Alhamis tun ƙarfe biyar ya gama shiri. Ya cika wani babban kwano da cakulan manya, irin nata sak. A garin, jiniyar 'yan kwana-kwana ce ke buɗe yawon yara da ƙarfe shida, ita ce kuma ke rufe shi da takwas. Saura minti goma ya kunna kyandir a cikin kabewoyin, ya ja da baya har bakin titi don ya ga yadda suka yi. Sai ya ga fitilar baranda ta dusashe su, wutar cikinsu ko fitowa ba ta yi. Ya koma ya kashe fitilar, ya sake fitowa. Kai, sai ga fuskoki uku suna ci da wuta a cikin duhu, fatalwa na kaɗawa a iska. Ya ce a ransa, ko Bernadine ba ta taɓa yin wanda ya kai wannan ba.

Wayyo Orval! Yaron da bai iya ɗaure takalminsa ba ma ya san wannan: gidan da fitilar barandarsa ke kunne shi ake bugawa, wanda ya kashe tasa ya ce a bar shi ke nan. Amma ina zai sani? A gona ya tashi, inda maƙwabci mafi kusa sai an yi tafiyar mil biyu, sauran rayuwarsa kuma a kan titi ko a ɗakin ƙasa. Bernadine ba ta taɓa faɗa masa ba, don bai taɓa tambaya ba.

Ya ɗora hular mayun a kansa, ya jawo kujera bayan ƙofa, ya zauna da kwano a cinya. Jiniya ta tashi.

Nan da nan layi ya cika. Ta gefen labule yana hango su: 'yan fashin teku, gimbiyoyi da rigar sanyi a kan ado, wani da aka naɗe da bandeji tun daga kai har ƙafa, wani uba yana tura jaririn da aka yi wa shigar kabewa a keken jarirai. Ta ko'ina sai ihun "Alawa ko ɓarna!" da dariya da ƙarar busassun ganye a ƙarƙashin ƙafafu. Orval ya gyara murya, ya gwada abin da zai faɗa.

"Kai! Wane dodo ne wannan a ƙofata?"

Ya ji muryar ta yi kaushi, kada ya firgita 'ya'yan mutane. Ya sake gwadawa a hankali.

Ayarin farko ya fito daga gidan da ke damansa. Ya miƙe, hannunsa a kan mariƙin ƙofa. Suka wuce ta gaban gidansa suna nuna kabewoyin da yatsa, suka shiga gidan hagu. Ya ce ƙila za su dawo ta nan. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Wajen ƙarfe bakwai wata 'yar ƙarama mai shigar ƙudan zuma ta saki hannun uwarta ta nufo matakalarsa da gudu, 'yan fukafukanta na rawa. Har ta taka ta farko. Orval ya miƙe da kwanon.

"Ke, dawo nan!" in ji uwar. "Ban da wannan gidan."

Da kunnensa ya ji. Ya koma ya zauna. Ban da wannan gidan. Wato har an yi maganarsa ke nan, an gama. Ya shiga lalubo laifuffukansa: ranar da ya daka wa yara tsawa don ƙwallonsu ta bugi motarsa, gaisuwar da ya sha amsawa da ka kawai, kwanukan ta'aziyyar da ya mayar ba tare da ya ce su shigo su sha shayi ba. Ashe Bernadine suke zuwa wa, shi dama haƙuri ake yi da shi. Kunya ta kama shi, shi da hular mayu a ka, tsoho ɗan saba'in da huɗu, zaune a duhu yana jiran yara. Daga baya kunyar ta koma haushi. Duk da haka bai tashi daga kujerar ba, ko sau ɗaya, don kada a buga yana banɗaki.

Jiniyar takwas ta tashi. Layi ya fara yin shiru, ana ta shigar da yara. Kwanon na nan cike yadda ya zuba shi.

Ya zura rigar sanyi, ya ɗauki kwanon ya fita, ya ma manta da abin da ke kansa. Ya tsallaka titi zuwa gidan Corinne Maki, uwar 'yar ƙudan zumar nan, ya danna ƙararrawa da ƙarfi. Niyyarsa ya dire mata kwanon ya juya.

Ta buɗe da ragowar alawa a hannu, tana cewa, "An tashi fa, amma..." Sai ta ɗaga kai ta gan shi. "Baba Orval? Lafiya?"

"Ga shi, ki ba 'ya'yanki. Ba guba a ciki. Ni ba ni da haƙoran cinsa."

Ta dubi kwanon, ta dubi hular, ta leƙa ta bayansa ta hango gidan a duhu da kabewoyi uku suna ci. Ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah. Baba, jira kake yi? Tun shida?"

"Na ji abin da kika ce wa yarinyar. Ba sai kin ɓoye ba."

"Ai fitilarka a kashe take! Wanda ya kashe fitilar baranda ba a buga masa, haka ake yi tun da can."

Orval ya waiga ya dubi gidansa. "Don kabewar ta fito sosai na kashe," ya ce, da ƙyar ake jinsa.

"Mu kuma da muka ga duhu sai muka ce bana ba za ka iya ba, shekarar farko ce. Muka yi ta gaya wa juna, duk layin. Ni da kaina na bi iyaye ina cewa a ja wa yara kunne." Idonta ya ciko. "Ai tun Maris muke haka. Sau nawa nake zuwa har bakin matakalarka in juyo. Cewa muke mutumin nan ba ya son hayaniya, kada a dame shi."

Daga cikin gida ana jin yara suna zazzage jakunkunansu a ƙasa, suna faɗa a kan wa ya fi samu. Orval ya tsaya a barandar mutane, cikin hasken fitilarsu, da kwanon a hannunsa.

"Ku dame ni mana," ya ce. "Don Allah, Corinne, ku riƙa damuna."