Singileti Tsakanin Kaka da Jika

Gara a faɗa tun da wuri: hoton nan ba zai fito yadda ake so ba, kuma mutumin da ya fi kowa tsoron lalacewarsa shi ne zai lalata shi da bakinsa.

Direba ne a wani kamfanin rarraba magunguna. Abokan aikinsa Sannu-Sannu suke kiransa, don in ya kulle mota sai ya dawo ya ja ƙofar, ya tafi, ya sake dawowa. Babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira Takwara saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, ta samu gurbin karatun jinya a wani gari mai nisa, ba dawowa sai ƙarshen shekara. Abu ɗaya ta roƙa kafin ta tafi: hotonta da kakarta.

Inna kuwa, mahaifiyar tasa, ta daɗe da yanke hukunci a kan waya. "Ba mai saka ni a cikin wannan abin, kowa ya riƙa murza fuskata da yatsa."

Takwara ce ta tono tsohuwar kyamarar babanta daga ƙasan akwati, baƙa, ta roba, mai murfin da ake turawa gefe. Irin wadda ba ta neman ilimi: ka leƙa, ka danna, ita ta san sauran. Aka sa mata batir, ta yi gurnani, idonta ya leƙo.

"Baba, ka san ƙawayena neman irin wannan suke ido rufe? Wai hotonta ya fi rai."

Inna ta juya ta a hannu. "Wannan ta takarda ce ko? To, ita na yarda. Sau ɗaya."

Da ƙyar ya samo fim. Ranar ɗaukar hoton ya hana kowa sakat. Ya ɗage labule, ya sauke, ya sake ɗagewa. Ya goge idon kyamarar da gefen rigarsa har matarsa ta ce, "Baban Takwara, goge ta kake ko fiɗa?"

Inna ta zauna a doguwar kujera cikin mayafinta mai ruwan ƙasa. Takwara ta faɗa jikinta, ta manna kumatunta da na tsohuwar. Nan ya sauke kyamarar. Yarinyar tana ɗan tari tun shekaranjiya, kafaɗar Inna kuma ba lafiya gare ta ba.

"Ke, matsa. Za ki karya ta."

"Baba, ƙwai ce?"

"Matsa dai. Ƙara. Yawwa."

"Kai dai tun kana goye kake da tsoro," in ji Inna. "Danna mu tashi, bayana ya gaji."

Ya daidaita su, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, fili a tsakiya kamar masu gaba. Ya riƙe numfashi, ya danna. Filasha ta haska, Inna ta yi salati ta miƙe. Ya juya bayan kyamarar don ya duba, ya tarar da baƙar roba tana kallonsa.

Washegari Takwara ta tafi. Saura fim kusan duka, shi kuwa ba zai kai a wanke shi haka ba, asara ce. Ya ɗauki hoton firji. Ya ɗauki tayar motar kamfani, da kyanwar maƙwabta, da mai gadi yana hamma, da matarsa tana cewa kada ya ɗauke ta. Kullum Takwara sai ta bugo: "Baba, hotona fa?" Kullum amsa ɗaya: "Abu mai kyau ba ya son gaggawa."

Mai wankin hoto ɗaya ya rage a garin, a wani lungu bayan masu gyaran agogo. Da ya je karɓa, a tsaye ya buɗe ambulan. Firji ya fito tar. Kyanwa har gashin bakinta. Haƙoran mai gadi kuwa, likita zai iya duba su daga nan.

Sai hoton Inna. Fuskoki biyu dishi-dishi, kamar an hango su ta gilashin da ruwa ya jiƙa. A tsakaninsu, can jikin ƙofa, ga singiletinsa rataye a ƙusa, garau, kowace huda ta fito da martabarta.

"Maigida, wanki ne bai yi ba?"

Mai wankin ya sauke tabarau. "Wanki lafiya lau. Irin waɗannan, abin da ke tsakiya suke kamawa. Da sun haɗa kai, da ta kama su. Wa ya raba su haka?"

Sannu-Sannu ya yi gyaran murya. "Wai don kada a shafa wa tsohuwa tari."

Ya ɗauki hoton da waya ya tura wa Takwara. Ta kira tana dariya har da shaƙewa. "Baba, 'yan ɗakinmu sun ce kai gwani ne! Wai da gangan ka yi." Dariyar ta lafa. "Amma ba a ganin idon Kaka."

"Na sani."

Da yamma ya kai wa Inna. Kwanan nan ta rage fitowa falo, abincin ma sai an lallaɓa ta. Ta kai hoton kusa da hancinta, ta nisanta shi.

"Ya yi mana. Ai haka nake ganinku duka." Ta dangwala yatsa a tsakiya. "Wannan tsumman fa? Kai da aikinka, ka rasa na sabuwa?"

"Inna, a sake wani mana."

"Ni kaɗai? Me za a kalla? Bari takwarata ta dawo, in da rai."

Ya sayi sabon fim ya adana. Ya gwada, ba fim a ciki, da matarsa da kyanwar, kai a haɗe, har kyanwar ta yakushe ta. Yanzu ya iya. Ko Inna za ta kai ƙarshen shekara, ko za ta yarda ta sake zama in ta kai, wannan bai sani ba.