Lambar Filasta

Shekara uku 'Yar Benci tana ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata, ba ta taɓa taka fili a wasan gaske ba. Aikinta miƙa tawul da tafi. A gida kuwa ta gaya wa Baba ita ce ginshiƙin ƙungiyar, masu rediyo ne kawai suke mata baƙin ciki. Yanzu ga su a wata ƙasa, gasar zakarun ƙungiyoyi, kuma talabijin zai nuna. Tun da safe Baba ya bugo waya, ya ce ya aro kujeru, ya tara maƙwabta, har da Kawu da ba sa ga maciji.

Zauren wasan sanyi ne da shi kamar cikin firji. Da yake ta san ba inda za ta, sai ta bar rigarta mai lamba goma sha huɗu a otal, ta zuba suwaita biyu a ƙarƙashin jaket, ta zauna a ƙarshen benci tana shirya ƙaryar da za ta yi wa Baba.

Su tara kaɗai aka zo da su. Saura daƙiƙa ashirin a tashi, ana cin su da maki ɗaya, Kyaftin ta yi laifi na biyar aka kore ta. Biyu sun riga ta fita, ɗaya tana kwance da ƙanƙara a gwiwa. Koci ya dubi bencin daga farko zuwa ƙarshe, ya sake dubawa ko wata ta ɓuya.

"Ke. Tashi."

Ta waiga bayanta. Bango ne.

Da ta zuge zif, Koci ya yi arba da suwaita mai hoton agwagwa. Bai yi zagi ba. Ya nemi hutun minti ɗaya, ya dafe kai. Ba lamba, ba shiga, haka dokar take.

Mai Tausa ta ƙungiyar ce ta yi ta maza. Tsohuwar ta zaro wata riga marar lamba daga jakarta, ta yayyaga filastar ɗaurin gwiwa da haƙori, ta manna ɗaya da huɗu gaba da baya. Huɗun ya fito kamar karyayyiyar kujera. Alƙalin wasa ya duba, ya faɗi wata doguwar magana da yarensu, ya ɗaga kafaɗa.

Tun kafin ta taka layi ɗayan da aka manna a gaba ya fara ɓamɓarewa. Lambar Kyaftin kuwa huɗu ce.

"'Yar nan, riƙe ɗayan nan da kyau," in ji Mai Tausa. "In ya faɗi kin zama Kyaftin, ita kuma korarriya ce."

Haka ta shiga, hannu a ƙirji kamar mai rantsuwa a kotu. Dogayen matan ɗaya ƙungiyar suka ɗauka zuciyarta ce ke ciwo, ba wadda ta tsare ta. Wata ma ta matsa mata hanya. Sai ga ƙwallo ta nufo ta gadan-gadan. Ta tuna kujerun aro. Ta saki ƙirji, ta cafke, ta runtse ido, ta wurga.

Ƙwallon ba ta shiga ba, ba ta kuma faɗo ba. Ta maƙale tsakanin ƙarfen kwandon da allo, ta zauna daram. Lokaci ya cika. Ɗayan filasta yana ƙasa, manne da takalmin alƙali.

An cinye su. Koci ya zauna a ƙasa, Kyaftin tana kuka cikin tawul da ba wanda ya miƙa mata. Ma'aikata uku suka zo da doguwar tsintsiya suna zungurar ƙwallo, ta ƙi. Mai kyamara ya rasa abin ɗauka, ya juyo ya kafe a kan wadda ta yi aika-aikar. Fuskarta ta cika babban allon zauren.

'Yar Benci ta yi ƙoƙarin ɓata rai saboda Koci, abin ya gagara. Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga hannu biyu.

"Baba, ina wuni. A gaishe da Kawu."