Jiran Hancin Hagu

Kedar ya sake kara bayan hannunsa a ƙasan hanci ya fesar da numfashi. Iska na fita ta ƙofar dama da ƙarfinta. Ta hagu kuwa a toshe take kamar an liƙe ta da ƙullu.

"Har yanzu rana ce," ya ce.

Matarsa Kaushalya tana tsaye a bakin ƙofa, ta riga ta sa takalmi, kwanon abinci a hannunta.

"Baban Tarun, da hantsi za a shiga da ƙaninka tiyata. Likitan zuciya ba zai jira hancinka ba."

Duk wanda ya taɓa shimfiɗa tabarmar yoga a bakin kogi a garin Haridwar ya san numfashi ba ya tafiya daidai a ƙofofin hanci biyu. In ta dama ce a buɗe, iskar rana ce, mai zafi. Da ita ake cin abinci, a hau tudu, a yi gardama. In ta hagu ce, iskar wata ce, mai sanyi, kuma da ita ake zuwa sulhu. A wurin mahaifinsu Kedar ya koya, kuma tun da ya bar aikin gidan waya shi yake koya wa tsofaffin unguwa kowace safiya.

Ranar da ƙaninsa Girdhar ya sare mangwaron da mahaifinsu ke zama a gindinsa, don ya sami wurin ajiye mota, Kedar ya je masa da iskar rana. Ya kira shi ɗan da bai san kunyar ubansa ba, a gaban matarsa da 'ya'yansa. Tun daga nan ba su ƙara magana ba. Damina ta zo ta wuce sau da yawa, suna haɗuwa a biki kowa ya kalli bango. Kedar ya ɗora laifin a kan hancinsa, don ya fi sauƙi a kan ya ɗora wa bakinsa. Ya kuma rantse ba zai sake tunkarar ƙaninsa ba sai da iskar wata.

Tun asuba yake kwance a kan ɓarin dama don ta hagu ta buɗe. Ta ƙi. Ya tashi ya ɗauko 'yar gwafar katakon da ake tokare hammata da ita, ya cusa a hammatarsa ta dama ya danna, don ita ma takan buɗe ta hagu.

"Ɗauko ta mu tafi," in ji Kaushalya. "Ka matse a hanya."

Mai keken hayar da ya ɗauke su ya dube shi ta madubi.

"Babaji, karaya ka yi?"

"Hancinsa ne ya karye," in ji Kaushalya.

Kedar ya gyara zama. Ya rufe ido, ya jingina nauyinsa a kan gwafar, keke na tsalle cikin ramuka, ita kuma tana sukarsa. A kan gada ya duba hancin. A ƙofar asibiti ya sake dubawa. Rana ce, ba ta ko gusa ba.

A bakin ɗakin da aka kwantar da Girdhar ya ja ya tsaya. Kaushalya ta wuce shi ta shiga. Ya jiyo muryar ƙaninsa, ta yi rauni amma tsokanar tana nan.

"Bhabhi matar yaya, wancan mai gwafar mabaraci ne ko yayana ne?"

"Yayanka ne. Wata yake jira."

"Bhaiya, yayana, shigo mana. Wacce ce a buɗe?"

"Rana," in ji Kedar daga waje.

"To zo ka zage ni. Na daɗe ban sha ba, har na fara ramewa."

Ya shiga, gwafa a hammata. Girdhar ya faɗa sosai. An sa masa rigar asibiti, an ratsa masa siririyar robar iska a ƙasan hanci, bakinta biyu, kowanne a ƙofa ɗaya. Ya nuna ta da yatsa.

"Ka gani? Baba ya ce wanda iska ta daidaita a ƙofofinsa biyu ya kai ƙarshen hanya. Tun muna yara kake wahalar nema. Ni jiya nas ta ba ni da roba."

Kaushalya ta yi dariya. Kedar bai yi ba. Kafaɗun ƙaninsa yake kallo, suna hawa suna sauka da sauri, da yatsunsa da suka damƙe zanin gado. Ya ga irin wannan a kan tabarma sau da yawa. Tsoro ne, kuma surutun duk rufi ne.

Ya zare gwafar ya jingine ta a bango. Ya zauna a gefen gado, ya ɗora tafinsa a kan cikin ƙaninsa.

"Kana haki kamar kare a bazara. Haka aka koya maka? Nan za ka cika, ba kafaɗa ba. Ture hannuna. Yauwa. Yanzu saki a hankali. Fitarwa ta fi shaƙa tsawo. Kar ka riƙe."

Suka shaƙa tare, suka saki tare. Hannun Kedar ya yi ta hawa yana sauka. Can kafaɗun suka kwanta, yatsun suka saki zanin.

"Bhaiya, mangwaron nan…"

"Rufe bakinka. Ta hanci ake yi."

"Tsami gare shi dai."

Kedar ya shaƙi numfashi ya sake shi.

"Tsami gare shi," ya ce. "Ko birai ba sa so."

Girdhar ya yi dariya har robar ta zame. Kedar ya gyara masa ita da kansa.

Masu tura gado suka shigo. Da za su fita da shi, Girdhar ya kamo hannun rigar yayansa.

"Zan same ka in na fito?"

"Ina za ni? Ci gaba da abin da na ce. Ciki, ba kafaɗa ba."

Suka bi gadon har inda ake tsayar da 'yan uwa, sannan suka zauna a kan benci. Kaushalya ta ajiye kwanon a cinyarta ta dube shi ta gefen ido.

"Ka bar gwafarka a ɗaki."

"Na sani."

"To yanzu wacce ce?"

Ya kara bayan hannunsa ya fesar da numfashi. Ta hagu tana nan a toshe yadda ta kwana. Ya daɗe yana kallon hannun.

"Rana ce," ya ce. "Ta cin abinci ce. Buɗe kwanon."