Bangon Ɗakin Baba

Zare mai dalma a baki. Kwaɗon ƙofa da makullinsa. Maganin hawan jini. Tabarma. Ƙullin garin kunu da Falmata, matar yayana, ta ce a kai wa Baba. Abin da ke cikin jakata ke nan lokacin da muka bar mota a Guri muka shiga kwalekwale, don ruwa ya cinye hanyar ƙauyenmu.

Yaya Abdulfattah ne ke tura mu da gora. Ciyawar kacala ta toshe mashigin da na sani tun ina yarinya, sai da muka yi zagaye.

"Kin taho da kwaɗon?" in ji shi.

"Na taho da shi."

"To ke za ki kulle ɗakin Baba da shi. Ni da na yi maganar, kwana da kwanaki bai amsa gaisuwata ba."

Kowa ya bar gidanmu ya koma Haɗeja tun farkon ambaliya, ban da Baba. Ya ce a ɗakin da yake kwana aka haife shi, daga ƙofarsa yake ganin hawan ruwa da saukarsa, kuma bai ga abin gudu ba. Yaya ya ce bangon da ke fuskantar kogi ya fara tafiya. Ni na karanta gini a Indiya, saboda haka ni aka turo.

Mun sami Baba a tsakar gida yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Ya rame. Ya dube ni, ya dubi jakar.

"'Yar'azumi, an zo duba marar lafiya?"

"Bango na zo dubawa, Baba."

"Shi nake nufi."

Daga ciki bangon a tsaye yake, sumul, da sabon yaɓe. Na zagaya baya. Ƙafata ta nutse har idon sawu. Gindin bangon ya yi baƙi don shan ruwa, na sa yatsa ya shige. An tokare shi da azara. Yaya ya hau kan turmi ya riƙe zaren a saman bango, na saki dalmar. Ta tsaya tana lilo a fili, nesa da gindin, har hannuna na wucewa tsakaninsu ba ya taɓa komai.

Sai na gane abin da Baba yake yi. Duk shekara idan bangon ya ƙara sunkuyawa waje, sai ya kwaɓa ƙasa ya cike saman daga ciki, har ido ya ga ya miƙe. Ya yi ta ɗora masa nauyi a daidai inda bai kamata ba.

"To injiniya," in ji Yaya daga kan turmi, "me sunan cutar da Turanci?"

"Inclination."

"Ma'ana?"

"Karkata. Yadda abu ya kauce daga tsayuwarsa. Sukan faɗe ta kuma ga inda ran mutum ya fi ja."

"Ashe gidan nan marasa lafiya biyu ne."

Ban yi dariya ba. Hadari ya fara haɗuwa daga gabas.

Na koma na durƙusa gaban Baba, na gaya masa abin da na gani. Ban ƙara ba, ban rage ba. Na ce ruwa ɗaya mai ƙarfi ya ishe shi, kuma idan bangon ya tafi, rufin zai sauko a kan gadonsa.

"Na sani," ya ce. Bai daina ɗinki ba. "Wa kike zaton ya sa azarar?"

"To me ya sa ka yaɓe shi?"

"Don kada ku gani."

"Ka zo mu tafi Haɗeja. An gyara maka ɗaki."

"Na kwana a ɗakin nan na yayanki. Na buɗe taga na ga katangar maƙwabci. Me zan yi da ita?"

Na ciro kwaɗon. Ya gan shi. Ya ajiye komar, ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa, ya wuce ni ya shiga ɗakin ya zauna a bakin gado. Ba zan iya ɗaga shi ba, Yaya kuma ba zai taɓa shi ba. Na tsaya da ƙarfe a hannu, ba shi da amfani.

Iska ta taso. Yaya ya ce idan ba mu kama hanya yanzu ba, ruwa zai same mu a cikin kacala.

Na miƙa masa kwaɗon. "Kai wa Falmata, ta sa a ɗakin ajiya."

"Ke fa?"

Na ɗauki jakata na shiga. Ɗakin na warin danshi da hayaƙin kifi. Na ajiye magani da garin kunu a kusa da Baba, na shimfiɗa tabarmata a gindin bangon, daidai ƙarƙashin sabon yaɓen.

"Tashi daga nan," in ji Baba.

Na cire takalmi.

"'Yar'azumi, ba ki ji ba? Bangon nan ba shi da kyau."

"Ni na auna shi, Baba."

"Ki bi yayanki. Ke yarinya ce, kina da aiki."

Ɗigon farko ya fara sauka a tsakar gida. Yaya na tsaye a waje da gora a hannu, yana kallon Baba, yana kallona. Baba kuma bango yake kallo, irin kallon da ban ga ya yi masa ba tun zuwanmu.

Na tashi na tura ƙofar ta rufu.

"Inda ka kwana nan zan kwana," na ce. "Ranar da ka fita, zan fita."