Toka a Jikin Motar Sabitu

Naira dubu ɗari huɗu nake bin Sabitu, autana. Kuɗin bajimaina biyu ne, na saida na ba shi ya cika ya sayo wata baƙar mota, a kan in ya gyara ya saida a Dutsin-Ma zai maido mani kafin damina, in sayi taki.

Ran da ya kawo ta nan Wurma, ƙaya ta kwarzane mata gefen hagu tun daga ƙofa har baya. Mai saye kuwa, wani Alhaji Mahmuda, ya ce ran Juma'a zai zo.

Sabitu ya sayo wani mai a ɗan gwangwani da tsumma mai laushi. Ya ce a waya ya gani: in ka ja farce bai maƙale ba, kwarzanen bai yi zurfi ba, yana fita. Sai ya ɗiga man kamar mai sa magani a ido, ya yi ta shafa a inuwa. Kwana biyu, bai wuce faɗin faifai ba. Na ce mashi haka za mu kai kaka. Ya ce, "Inna, fenti ba tukunya ba ne, ki bar mani."

Ni kuwa shekara sittin ina wanke tukunya, ba baƙin da ya taɓa gagarata. Ran Laraba da ya tafi Kurfi, na kira matarshi Luba, na tankaɗe toka, na ɗauko soson waya. Ta ce gara mu jira shi. Na ce kuɗina ne ko nata? Muka dirje gefen nan tas, ina murzawa zagaye-zagaye yadda nake wa gindin tukunya. Da muka watsa ruwa, wallahi kwarzanen ya ɓace, sai ƙyalli.

Sai da ta bushe rana ta haske ta. Gefen duk ya yi fari-fari, zobe a kan zobe, ko'ina hannuna ya bi.

Sabitu ya dawo ya tsaya ya daɗe. Ya ja farce, na ji ƙarar maƙalewar daga inda nake. Bai yi faɗa ba. Ya ƙarar da gwangwanin nan duka a kai, abin bai motsa ba. Mai fenti a Dutsin-Ma ya ce sai an sake feshe gefen gaba ɗaya, kuma ba lallai kalar ta zo ɗaya ba.

Alhaji Mahmuda ya zo, ya zagaya sau ɗaya, ya ce motar ta taɓa haɗari an ɓoye. Ko ruwan da aka kawo mashi bai sha ba.

Da ya tafi Sabitu ya durƙusa ya ce, "Inna, zan biya ki, ko a hankali ne."

Na ce to. Ban taɓa yafe wa kowa sisi ba, amma wannan ban san da wane baki zan tambaya ba. Ruwa ya sauka shekaranjiya, maƙwabta sun yi shuka. Motar na nan ƙarƙashin darbejiya, kaji na kwana a ƙasanta.