Sabon Gaskit, Tsofaffin Notuna

Ranar Litinin 'yata Zuhra za ta je ganawar neman aiki a Garki, ga motata sai tafasa take yi. Na sayo sabon gaskit, shimfiɗar da ke hana ruwa yoyo a kan inji, da sababbin notuna goma, na kai wa Dallatu makanike a Masaka.

Ya ɗora gaskit, ya mayar da tsofaffin notuna.

Na ce, "Malam Dallatu, ai sun gaji, ba za su kama ba."

Ya ce, "Oga, nan Abuja ce. Gaskit ake sauyawa, ba a taɓa tsofaffi. Su suka san inji."

Ranar ganawar, muna isa Nyanya ruwan inji ya fese. Na saka Zuhra a tasi, ta isa da wuri. Aikin kuwa, wani da ya yi ritaya bara aka sake ɗauka.