Wankin Kwamfutar Malam Ɗalha

Kwana arba'in da uku bayan rasuwar Malam Ɗalha na Madabo, 'yarsa Luba ta gaji da amsa gaisuwa. Ba rashin godiya ba ne. Ta dai lura akwai masu zuwa don Allah, akwai kuma waɗanda bakinsu ke cewa "ya ƙarin haƙuri" idonsu kuwa yana kan ƙofar ɗakin Malam. Irin waɗannan su ne ba sa tashi da wuri.

Ta san abin da ke zaunar da su. Shekara talatin Malam yana sulhu a zaurensa, tsakanin miji da mata, wa da ƙane, maƙwabci da maƙwabci, kuma duk abin da aka faɗa sai ya rubuta da ajami, don ya san halin mutane: yau a rantse, gobe a ce ba a yi ba. Da idonsa ya mutu, sai ya ƙona littattafan da hannunsa, ya sa aka binne tokar a gindin darbejiyar tsakar gida, saboda akwai sunan Allah a ciki. Daga nan aka koma ɗaukar murya. Luba, wadda ta yi ritaya daga aikin buga takardu ta kuma dawo gida bayan mutuwar mijinta, ita ke zama a bayan labule da 'yar kwamfutar cinya, tana danna maɓalli. Shekara bakwai tana wannan aiki. Karatunsa na safe da maganganun masu kawo ƙara duk wuri ɗaya suke shiga, don Malam ba ya yarda a tsayar da na'ura in baƙo ya yi sallama.

Wasiyyarsa gare ta gajeriya ce. "Luba, in na tafi, ki wanke abin nan. Kada ki bar ko ɗaya."

Ran sadakar uku ta zauna ta goge komai, ta buɗe kwandon sharar kwamfutar shi ma ta zubar. Ta ga fuskar na'urar wayam, ta ce alhamdu lillahi, ta ɗauka ta sauke nauyi.

Cikin masu kallon ƙofar nan babu wadda ke ba ta tausayi kamar 'Yardada mai ɗinkin hula. Sau uku tana zuwa gaisuwa. Shekara biyar da suka wuce ta durƙusa a gaban Malam tana kuka, ta faɗa masa cewa Ikram, yarinyar da kowa ya sani a matsayin 'yar ƙanwarta da ta rasu a ƙauye, ba 'yar kowa ba ce. A bakin masallaci ta tsince ta cikin zani. Malam ya ce ta rufa wa yarinya asiri, Allah ya rufa mata. To, ga shi yanzu an sa ranar Ikram, saura wata ɗaya, kuma ba da kowa ba sai da Muhammad Auwal, ɗan Baffa, yayan Luba uwa ɗaya uba ɗaya. Baffa kuwa mutum ne da ko akuya zai saya sai ya tambayi asalinta.

Ran Alhamis da la'asar Muhammad Auwal ya shigo gaishe ta. Yaro ne mai ladabi, abin da ya sa maganarsa ta fi ciwo ke nan.

"Gwaggo, Baba ya ce jibi in an raba gado kwamfutar Malam a kasonmu za ta faɗo. Ina so in kwashe karatunsa in raba wa dangi."

"Ai babu komai a ciki, na goge," in ji Luba.

Ya yi dariya. "Dilit kika yi ko? Kada ki damu, Gwaggo, wannan ba gogewa ba ce. Akwai abin da zan sa mata, kafin magariba duk sun dawo. In sha Allahu a wurin walima ma sai mun sa muryarsa."

Ta ce Allah ya yi albarka. Ya tafi yana murna, ita kuwa ta zauna a kan tabarma har aka kira sallah ba ta motsa ba.

Da kwamfutar tata ce, da tuni ta jefa ta a turmi ta bi ta da taɓarya. Amma liman ya riga ya zo ya rubuta kayan mamaci, daga buzu har butar alwala, kuma 'yar Malam Ɗalha ba ta isa ta fasa dukiyar magada ba. Ta juya abin a ranta har ta samu matsaya: ƙarfen nasu ne, amma abin da ke ciki na waɗanda suka faɗa ne.

Da hantsin Juma'a ta sa kwamfutar a jakar da take zuwa asibiti da ita, ta rufa hijabi a kai, ta bi lungu har bakin titi, ta hau adaidaita zuwa Ƙofar Na'isa. Can akwai shagon Malam Isyaku mai gyaran kwamfuta, wanda suka taɓa aiki a ofis ɗaya. Ya fara furfura, kuma ba shi da yawan tambaya, dalilin da ya sa ta zaɓe shi ke nan.

Ta yi masa bayani a taƙaice. Ya gyaɗa kai.

"Yaron ya yi gaskiya, Hajiya. Dilit suna kawai yake cirewa daga jerin, abin yana nan kwance a faifan da ke ciki. Kin san tsohon allo, ko an wanke shi, in kika karkata shi a rana sai ki ga inuwar rubutun. Ko fomat aka yi, wato sharar gaggawa ta faifan duka, mai nema zai samu."

"Ban yarda ba sai na gani."

Ya soka wani ɗan filas, irin na ajiye bayanai, a gefen kwamfutar, ya yi 'yan danne-danne. Ba a jima ba sai ga jeri yana sauka, babu suna ko ɗaya, lambobi ne kawai. Ɗari shida da wani abu. Ya zaɓi ɗaya daga tsakiya ya danna.

Aka yi gyaran murya, sannan wannan ɗan tarin nasa na safe. "Luba, ya kama? To, bismillahi."

Ba ta san sanda ta dafa teburin ba. Kwana arba'in da huɗu ba ta ji wani ya kira sunanta haka ba, da jan wasalin farko kamar mai lallashi. Ya fara karatu a hankali, tana jin har ƙarar kofin shayinsa a kan faranti. Sai aka yi sallama daga zaure, muryar wani mutum da ta sani sarai, mai shago a Sheshe, yana cewa, "Malam, na zo ne a kan maganar matata..."

Malam Isyaku ya kashe da sauri, ya kau da kai yana duban titi.

Can ya ce, "Akwai wata hanya, Hajiya. In kwashe miki duka a filas, ki je gida ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ki yanke karatun ki ajiye, ki zubar da sauran."

Wallahi ta so. Ta so har cikin ranta. Amma ta hango kanta tana sake sauraron kuka ɗari shida, ta hango filas ɗin a ƙasan akwatinta ranar da ita ma za a zo a rubuta nata kayan. Kuma ta san Muhammad Auwal: in ya ji guda ɗaya ta tsira, ba zai huta ba sai ya tono inda sauran suke.

"Cewa ya yi kada in bar ko ɗaya," ta ce. "Yaya ake wankin na gaskiya?"

"Rubuce faifan za a yi da sifiri, daga farkonsa har ƙarshensa, ko'ina a bi a danne abin da ke wurin. Irin wannan tsohon faifai mai juyawa, in an bi shi sau ɗaya an gama. Amma ki sani, in na danna, ba ni ba, ko wanda ya ƙera ta ba zai dawo da komai ba."

"Awa nawa?"

"Huɗu, in wuta ta yi mana kirki."

"Danna."

"A'a, Hajiya. Ke za ki danna."

Ta sa yatsan da ta yi shekara bakwai tana ɗaukar muryarsa da shi, ta danna.

Daga nan babu abin kallo. Wani ɗan layi ne kawai da lamba a gefensa, ɗaya cikin ɗari, biyu cikin ɗari, yana tafiya kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ita da ta zaci za ta ji wani abu, ƙara ko ƙauri, sai ga shi muryar mahaifinta tana ƙarewa shiru, fanka tana juyawa a sama, wani a waje yana cinikin rake. Da azahar ta gabato Malam Isyaku ya ɗauki dardumarsa ya tafi masallaci, ya bar ta da gadi.

Wuta kuwa ba ta yi kirki ba, yaushe ta taɓa yi? Ana sittin da ɗaya cikin ɗari aka ɗauke. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, sai fuskar ta yi baƙi ƙirin. Luba ba ta ko yi tsaki ba. Ta jingina kai da bango ta rufe ido.

Da ya dawo ya duba, ya ce sai an faro daga farko, don ba ya son aikin da ba shi da tabbas. Ya jawo janareto ya tayar. Ta sake dannawa. Ta yi azahar da la'asar a kusurwar shagon, tsakanin matattun firintoci, hayaƙin janareto yana shigowa yana sa ta ciwon kai. Ya sayo mata gurasa, ta gutsura sau biyu ta ajiye.

Rana ta yi ja kafin lambar ta cika ɗari. Ya sake soka filas ɗin farko, wanda ya tono jerin da safe, ya bar shi ya yi ta nema. Bai samo komai ba. Ya juyo mata da fuskar ta gani da idonta, sannan ya zuba wa kwamfutar sabon tsari don ta tashi kamar yadda ta saba.

"Ta wanku, Hajiya."

"Abin da ka ji ɗazu fa?"

"Janareto ya cika min kunne," in ji shi, yana naɗe waya.

Ran Asabar aka raba gado lafiya. Ran Lahadi da safe sai ga Baffa, ko zama bai yi ba. Muhammad Auwal yana bayansa riƙe da kwamfutar, idonsa ya yi ja.

"Gwaggo, sifiri ne kawai a ciki. Wannan ba kuskure ba ne, sai da aka kai wa wanda ya iya."

"Ni na kai," ta ce. "Wasiyyarsa ce."

"Wa ya ji wasiyyar ban da ke?" in ji Baffa. "Karatun shekara bakwai, Luba. Jikokinsa da ba su san shi ba, da me za su san shi? Ke kin ƙoshi da jin muryarsa, shi ne kika hana mu."

"Yaya, ka yi haƙuri."

"Me ke ciki da ya fi ƙarfin 'ya'yansa?"

Ta dubi Muhammad Auwal, wanda saura kwana ashirin da bakwai a ɗaura masa aure da yarinyar da yake so tun suna Islamiyya. Kalma biyar za ta wanke ta a wurin ɗan'uwanta. Ta haɗiye su.

"Babu komai, Yaya. Tsufa ne ya sa ni wauta."

Baffa ya ce ta binne masa uba sau biyu, ya juya ya fita. Yaron ya bi bayan mahaifinsa ba tare da sallama ba.

Da yamma 'Yardada ta zo gaisuwa ta huɗu. Ta zauna a bakin tabarma, ta fito da hular da take ɗinkawa, allurar tana hannunta amma ba ta soka ba.

"Na ji an ce an raba kayan Malam," ta ce a hankali. "Har da... na'urar nan."

"An raba. Sai dai fanko ce, babu ko tari a ciki. Ango da kansa ya duba, har fushi suke yi da ni."

'Yardada ta sauke wani dogon numfashi, kafaɗunta suka zube. Sai kuma ta ɗago ido.

"Ke fa, Malama Luba? Ai kina bayan labule."

"Ni? Kunnena ya daɗe da yin nauyi, 'Yardada. Kin taɓa zuwa wurin Malam ne?"

Matar ta dube ta tsawon lokaci. Hawaye ya zubo mata, ta share da hular mutane, ta ce a'a, ba ta taɓa ba. Suka koma zancen gara da kayan ɗaki, har ta yi dariya sau ɗaya kafin ta tafi.

Luba ta tashi ta shiga ɗakin Malam, wanda yanzu babu komai a cikinsa sai shatin gado a ƙasa. Ta zauna inda labulen yake a da. Maganar 'Yardada ta shekara biyar tana nan a kanta, kalma bayan kalma, har launin zanin da aka naɗe jaririyar. Ta mai shagon Sheshe ma tana nan, da ta sauran duka. Ta rufe ido ta nemi muryar da ta ji shekaranjiya, yadda yake jan sunanta kafin ya ce "ya kama?" Ta gwada sau uku. Kalmomin sun zo, amma da muryarta suka zo.